Shiri na Musamman: Dafin Kokwambar Teku

 Yau shirin namu zai nutsa ƙarƙashin teku ne, wurin wata dabba da ake kira kokwambar teku.

Dabba ce mai laushin jiki, doguwa, wadda take kwance a kan yashi tana tsotsar abinci daga cikin laka. Ba ta da haƙori, ba ta da ƙaho, gudu kuwa ba a maganarsa. Akwai irinta fiye da 1,700 a tekunan duniya. To, me ya hana kifaye cinye ta?

Allah Ya hore mata makami a cikin jikinta. Idan maƙiyi ya matsa wa wasu daga cikinsu, sai su feso waɗansu fararen zare daga duburarsu. Zaren nan yana miƙewa cikin ruwa, ya yi danƙo, ya nannaɗe ƙaguwa ko ƙaramin kifi har ya rasa yadda zai yi. Ita kuwa ta sulale abinta, bayan 'yan makonni wani zaren ya sake tsirowa.

Babban makamin shi ne dafin da ke cikin fatarta da cikin zaren. A shekarar 1952, wani masani a birnin New York mai suna Ross Nigrelli ya yi nazarinsa a jikin wata kokwambar teku daga tsibiran Bahamas, ya raɗa masa suna holoturin. Dafin yana kama kitsen kolestarol da ke bangon ƙwayoyin halitta, ya huda bangon, ƙwayoyin jini su fashe. Kifin da ya shaƙe shi da yawa sai numfashi ya gagare shi. Mutanen wasu tsibiran tekun Pasifik sun daɗe da sanin haka: sukan matse dabbar a cikin kududdufin bakin teku, kifi ya jigata ya taso sama, su kwashe.

Me ya sa dafin ba ya kashe mai shi? Binciken da aka wallafa a 2022, wanda masana na Cibiyar John Innes ta Ingila suka yi da takwarorinsu, ya nuna cewa jikinta na ƙera wani nau'in kitse na daban wanda dafin ba ya iya kamawa.

Masu sauraro, wannan dafi ɗan gidan sinadaran saponin ne, masu kumfa idan an kaɗa su a ruwa. Dangin sinadarin nan ne ke cikin aduwa, wadda kakanninmu suka yi wanki da saiwarta, masunta kuma suka bugar da kifi da ɓawonta. Duk mai sayar da sassaƙe da saiwoyi a kasuwar Jankara ya san cewa abin da ke warkarwa, idan aka zarce ƙima, shi ne ke illatarwa. A Japan ma, a 1969 an gano cewa dafin wata kokwambar teku yana kashe ƙwayoyin cutar fata irin su makero. Ana kuma gwada irinsa a kan ƙwayoyin cutar daji a ɗakunan bincike, amma gwaji ne tukuna, kada wani ya sayar muku da shi da sunan maganin cutar daji.

Dafin ya kare ta daga kifi, bai kare ta daga ɗan Adam ba. Ana dafa ta, a busar, a kai kasuwannin Sin da tsada, har matasan tsibiran Banana na Saliyo sun shiga nutso don kamo ta. A 2019, taron yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, a Geneva ya sanya ido kan cinikin nau'i 3 saboda sun fara ƙaranci. Idan aka ƙarar da ita, an ƙarar da maganin da ba a gama ganowa ba.