Sanƙo: Ba Laifin Hula Ba Ne

A nan Ɗan Barto, cikin kayan da ke shigowa daga Kano ta Daura da Kwangwalam ba a rasa kwalaben man gashi, mai talla na rantsuwa mako biyu sanƙo zai rufe. Na daɗe ina ganin masu saye suna tuɓe hula gaban wanzami, har yau ban ga kan da ya rufe ba.

Sanƙo gado ne, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Hula da rawani ba ruwansu. Wani sinadarin mazantaka da likitoci ke kira DHT ne ke tsuke saiwar gashi a goshi da tsakar ka, gashin ya riƙa fitowa siriri, gajere, har ya daina. Saiwar ƙeya da ta gefen kunne ba ta jin wannan sinadari, shi ya sa suke tsira. Tun 1942 wani masanin Amurka, James Hamilton, ya lura cewa mazan da aka dandaƙe kafin balaga ba sa yin sanƙo.

Amma ba kowace zubar gashi ce sanƙo ba. Yaron da kansa ya yi tabo kewayayye mai furfuri, ƙora ce, maganin sha ke kashe ta. Mai jego gashinta kan zube bayan haihuwa, ya dawo da kansa. In akwai ƙarancin jini, a gyara shi. Kitson da ake ja har girar yarinya ta ɗaga kuwa, shi ke cinye gaban goshi, kuma in an daɗe ana yi, saiwar kan mutu.

Ga sanƙo kuwa, akwai magunguna biyu da bincike ya tabbatar. Minoxidil na shafawa ne, asalinsa maganin hawan jini, Amurka ta amince da shi don gashi a 1988. Finasteride ƙwaya ce ta maza mai rage DHT, ita ma an amince da ita don gashi a 1997. Takan rage wa wasu sha'awa, kuma mai ciki kada ta kusance ta. Dukkansu sai an yi wata 3 zuwa 6 ake ganin canji, in aka bari gashin ya sake zubewa. Man kaɗe da man riɗi suna laushe fata, amma ba sa ta da saiwar da ta mutu.

Ɗan'uwa, da ka ga goshi ya fara ja da baya, nufi likita a Matameye ko Damagaram tun da sauran gashin da za a ceta, kada kuɗinka su ƙare a tasha.