Digiri Na Biyu: Neman Ilimi Ko Gudun Zaman Gida?

Kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digiri, sai tsofaffin ɗalibai su yi ta aiko wa malamansu roƙon a rubuta musu takardar shaida. Nakan sa hannu a kan mafi yawansu, amma kafin in sa nakan yi tambaya guda: mene ne kake son ka sani wanda ba ka sani ba yanzu? Kaɗan ne ke da amsa. Sauran sukan yi shiru, sannan su ce zaman gida ne ya ishe su. Wato digiri na biyu ya zama wata rumfa da matashi ke fakewa a ciki don kada a tambaye shi abin da yake yi. Ina ganin lokaci ya yi da za mu faɗa wa 'ya'yanmu kuɗin hayar wannan rumfa.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Ɗan Gwandu da ke son digiri sai ya nufi Sakkwato, ko Zariya, ko Kano. A 2006 gwamnatin jiha ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, maƙwabciyar Gwandu, sannan a 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin ke Kalgo. Wannan alheri ne babba, musamman ga 'ya'ya mata waɗanda iyayensu ba za su yarda su yi nisa ba. Sai dai masu kwalin digiri sun yawaita, kujerun ofis kuwa ba su haihu ba. Har gobe gwamnati ce babbar mai ɗaukar ɗan boko aiki a jihar, ita da ƙananan hukumominta 21, kuma kowa ya san ba kullum take buɗe ƙofa ba.

Kwanakin baya wani dattijo manomin albasa daga ƙasar Gwandu ya kawo mini ɗansa. Yaron ya karanta ilimin ƙananan halittu a Kalgo, ya fita da sakamako mai kyau, ya yi hidimar ƙasa, alawus ya yanke, ya dawo gida. Fiye da shekara guda yana cike fom a intanet: yau na masu kayan sarki, gobe na banki, jibi na wata hukuma da ko sunanta bai taɓa ji ba. Can sai wani ya ce masa akwai gurbi a wata ma'aikata, amma sai an ajiye kuɗi masu nauyi. Uban ya ce mini, "Malam, ka ba shi shawara. In gurbin za a saya, in sayar da sa da albasar bana a saya. In karatun zai ƙara, ya ƙara. Ni dai kada ya dawo mini gona, mutane su ce bokon bai yi albarka ba."

Maganar sayen gurbi ba ta ɗauke mu lokaci ba. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, kuma jama'a sun ji da kunnensu yadda mutane suka biya miliyoyi, wasunsu har yau ba su ga teburin da suka saya ba. Ban da haramcin abin, wanda ya biya ba shi da rasit, ba shi da kotun da zai kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba.

Maganar karatun ce ta fi buƙatar lissafi, domin ita kowa ke ɗauka ba ta da illa. A aikin gwamnati mai digirin farko yana shiga ne a mataki na 8. Abin da digiri na biyu zai iya yi masa shi ne ya ɗaga shi mataki guda, idan an ɗauke shi. Ba digirin ne ke sa a ɗauke shi ba. A kamfanoni kuwa, idan aka tara masu neman aiki, tambayar farko ita ce me ka taɓa yi da hannunka, kuma wanda ya shekara biyu a ɗakin gwaji na wata masana'anta yakan wuce wanda ya shekara biyu yana jiran malami ya karanta babi na uku.

Akwai kuma shekaru, wanda shi ne matasa suka fi mantawa da shi. Bankuna da yawa ba sa karɓar sabon ɗan koyo da ya haura 26 ko 27, hukumomin kayan sarki ma kowace da iyakarta. Yaron da yajin aikin malamai na 2022 ya cinye wa wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya riga ya fito a makare. Karatun da aka rubuta a takarda cewa wata goma sha takwas ne, a wasu sassa yakan kai shekara uku ko huɗu, saboda malami guda na duba ɗalibai fiye da ƙarfinsa, ko kayan gwaji babu, ko mai jarrabawa daga waje bai samu zuwa ba. A nan dole jami'o'i su ɗauki nasu kason na laifi: sashen da ke da malamai uku masu digiri na uku bai kamata ya karɓi ɗalibai hamsin don kawai kuɗin rajista na shigowa ba. Ɗalibi ya fito da kwali na biyu yana ɗan shekara 31, ƙofofin da ya baro a buɗe sun rufe.

Su ma masu ba da tallafin karatu a ƙetare, waɗanda matasanmu ke mafarkin samu, sun fi son wanda ya taɓa aiki. Tallafin Chevening na gwamnatin Ingila yana neman shaidar aiki na aƙalla shekara biyu. Haka shirin DAAD na Jamus da aka ware wa ƙasashe masu tasowa. A gida, asusun TETFund ba ya ɗaukar nauyin kowa sai wanda ya riga ya zama ma'aikacin babbar makarantar gwamnati. Saboda haka wanda burinsa koyarwa a jami'a ne, kuma sakamakonsa ya kai, hanyarsa ita ce ya nemi shiga a matsayin mataimakin malami tukuna. Irin wannan matashi ba na hana shi ƙarin karatu ko na yini ɗaya, domin sana'arsa ke nan. Haka wanda fanninsa ba ya ba da lasisin aiki sai da ƙarin horo. Mai digirin da ke son koyarwa a sakandare kuwa, difilomar koyarwa ta shekara guda da rajistar hukumar malamai ta TRCN sun fi masa amfani nan kusa.

Mutumin Gwandu ba ya buƙatar a aro masa misali daga nesa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin, ya bar mana Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi daga gare su da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Abin lura a tsarin magabata shi ne almajiri yana tashi ne don wani littafi takamaimai, ya nufi wanda aka san shi da littafin. Matashin yau yakan zaɓi jami'a don tana kusa ko don sunanta na da daɗin faɗi, sai bayan ya biya kuɗi ya fara tambayar wa zai duba masa aiki. Ya kamata a juya tsarin: ka samu tambayarka, ka nemi malamin da ke aiki a kanta, ka karanta abin da ya rubuta, sannan ka sayi fom.

To ina ake samun tambayar? Na tambayi yaron abin da ke faruwa da albasar mahaifinsa bayan an cire ta. Ya ce ana zuba ta a rudu, a jira farashi ya tashi wajen ƙarshen shekara, amma kafin lokacin kaso mai yawa ya ruɓe. Na ce masa me ke ruɓar da ita? Ya yi dariya, domin amsar ita ce abin da ya shekara huɗu yana karantawa. Haka batun shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, jihar ta yi suna da ita, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Masana'antar abinci ba ta rabuwa da mai auna danshi, mai gwajin inganci, mai kula da sito da mai riƙe lissafi.

Kada a ɗauka ina rera waƙar nan ta 'yan siyasa mai cewa matasa su koma gona. Wanda ya faɗi haka daga cikin mota mai sanyi bai san kuɗin buhun taki ba, bai san abin da injin ban ruwa ke sha ba tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Masana'antun ma ba kullum suke ɗaukar mutane ba, kuma albashin farko ba ya burge kowa. Abin da nake cewa shi ne aiki ƙarami a fannin da mutum ya karanta, ko da na koyo ne, yana ba shi abu biyu da zaman aji ba ya bayarwa: shaidar da masu ɗaukar aiki ke nema, da sanin ainihin abin da ya rage masa ya koya.

Dattijon bai sayar da sansa ba. Yaron ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi, albashin bai kai alawus ɗin hidimar ƙasa ba. Duk ƙarshen mako yana zuwa gida, ya raba albasar mahaifinsa rudu uku, ɗaya yadda aka saba, biyu da bambancin shanya da shigar iska, yana aunawa yana rubutawa a littafi. Ya aika wa malamai biyu wasiƙa, ɗaya a Sakkwato ɗaya a Zariya, waɗanda ke bincike kan cututtukan amfanin gona bayan girbi. Ɗaya ya amsa masa, ya ce ya kawo littafin idan albasar ta kai watan Satumba.