Yadda ake soya fanken Ghana a gida

A garin Dandin Mahe da ke ƙaramar hukumar Shagari a jihar Sakkwato, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, fanke na cikin abubuwan da mata ke soyawa a cikin gida, yara su kai talla tasha ko bakin makaranta.

To amma tun bayan da farashin fulawa da na man gyaɗa suka yi tashin gwauron zabo, kwaɓi ɗaya idan ya lalace yana iya tafiya da jarin mai sana'a baki ɗaya.

A ƙasar Ghana ma akwai irin wannan fanke, wanda ake kira bofrot, 'yan ƙabilar Ga na birnin Accra kuma su kira shi togbei. Yadda ake haɗa shi na ɗauke da darasi ga masu suya a arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Tsohuwar dangantaka

Alaƙar abincin Hausawa da na Ghana ba sabuwa ba ce. A ƙarni na 19 fataken Kano da Katsina da Sakkwato kan bi ta Jega da ƙasar Bargu, su isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja domin sayen goro.

Da dama daga cikinsu sun zauna a can, abin da ya haifar da unguwannin zango a Kumasi da Accra da sauran birane.

Har yanzu kokon gero mai citta da barkono na amsa sunan Hausa koko a Ghana, kuma akan sha shi ne da ƙosai ko bofrot, ko wani soyayyen kwaɓi mai albasa da ake kira pinkaso, wanda daga jin sunansa an san ɗan uwan funkaso ne.

Bofrot iri biyu ne. Akwai mai ruwa-ruwa, wanda ake ɗiba da hannu a jefa cikin mai, kamar dai fanken da aka sani a Najeriya. Akwai kuma mai tauri, wanda ake murzawa kamar kwaɓin burodi, a mulmula shi kafin a soya. Shi wannan na biyun bai cika shan mai ba, kuma ya fi jure ajiya.

Kayan haɗi

Domin iyali guda, ana buƙatar fulawa rabin kilo, wato kimanin kofi 4, da sukari rabin kofi, da yis cokalin shayi 2, da gishiri rabin cokalin shayi.

Sai gyaɗar ƙamshi da aka goge, kimanin cokalin shayi 1, wadda ita ce ke ba bofrot ƙamshin da aka san shi da shi.

Mai ruwa-ruwa yana shan ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi zuwa 2. Mai tauri kuwa ruwansa bai cika wuce kofi 1 ba, kuma akan ƙara masa bota cokalin miya 2, wasu ma har da madara da ƙwai.

A da can a kudancin Ghana da bammi ake tayar da kwaɓin, amma yis na kanti ya maye gurbinsa a galibin gidaje.

Sirrin tashin kwaɓi

Yis dai wata ƙwayar halitta ce mai rai, dangin naman gwari. Idan ta samu ruwa da ɗumi sai ta ci sukari, ta fitar da iska. Danƙon fulawa ne ke riƙe iskar, kwaɓi ya kumbura.

Masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya nuna tun a shekarar 1857 cewa ƙananan halittu masu rai ne ke haddasa irin wannan sauyi.

Saboda haka ruwan zafi na kashe yis, ruwan sanyi kuma ya hana shi aiki da wuri. Ruwan da ya dace shi ne wanda ɗuminsa bai wuce na wankan jariri ba.

Kafin a taɓa fulawa, ana zuba yis da ɗan sukari a cikin rabin kofi na ruwan ɗumi, a jira minti 10. Idan ya yi kumfa, yana da rai. Idan bai yi ba, gara a zubar da shi da a yi asarar fulawa.

Daga nan sai a haɗa busassun kayan a roba mai faɗi, a zuba ruwan yis da sauran ruwan, a buga da hannu har kwaɓin ya yi danƙo, babu gudaji. Sai a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi har ya ninka girmansa.

Yanayi na da tasiri matuƙa. A lokacin bazara, inda zafi a yankin Sakkwato kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kwaɓi na iya tashi cikin ƙasa da awa guda, kuma idan aka bar shi ya wuce kima sai ya yi tsami, ya saki jiki. Da hunturu kuwa yakan ɗauki awa 2 ko fiye, sai an matsar da shi kusa da murhu ko an sa shi a rana.

Mai tauri, bayan ya tashi, ana gutsura shi a mulmula kamar girman ƙwan kaza, a sake rufewa na kimanin minti 20.

Suya

Kaskon suya ya zama mai zurfi, man kuma ya isa yadda fanken zai taso yana yawo a kai.

Zafin da ake so shi ne digiri 170 zuwa 180. Wanda ba shi da ma'auni sai ya jefa ɗan guntun kwaɓi: idan ya nutse ya taso nan take yana kumfa, mai ya yi daidai.

Idan mai bai yi zafi ba, fanke zai sha shi ya yi nauyi. Idan ya yi zafi da yawa, baya zai ƙone alhali cikin ɗanye ne. Cika kasko da yawa ma na rage zafin man.

Ana juyawa har ya yi ja ko'ina, abin da kan ɗauki minti 4 zuwa 6, sannan a kwashe da matsami a zuba a kwando ya tsane.

Tsada da lafiya

Galibin alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, duk da cewa ana noma ta da rani a jihohi irin su Kano da Jigawa da Kebbi.

A shekarar 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama da nufin bunƙasa noman cikin gida, amma aka janye haramcin bayan 'yan shekaru.

Yaƙin Rasha da Ukraine da ya ɓarke a 2022 ya ɗaga farashin alkama da na man girki a duniya. Cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 suka ƙara dagula al'amarin.

Wannan ne ya sa masu suya da dama ke rage girman fanke, ko su riƙa maimaita mai ɗaya kwana da kwanaki.

Sai dai masana harkar abinci na gargaɗin cewa man da aka yi ta soyawa yana lalacewa, ya haifar da sinadarai masu illa ga zuciya da jijiyoyin jini. Alamominsa su ne baƙi da kauri da wari, da kuma hayaƙi tun kafin ya yi zafi sosai.

Shawarar ita ce a tace mai bayan kowace suya, a adana shi a rufe nesa da rana, a kuma rabu da shi da zarar ya nuna waɗannan alamomi.

Ga mai sana'a a Dandin Mahe ko Boɗinga, bofrot mai tauri na iya rage yawan man da ake ƙonawa, ko da yake bota da madara na ƙara kuɗin haɗi. Abin da ya fi shi ne a fara gwadawa da rabin kilo a gida, a lissafa abin da aka kashe da yawan fanken da ya fita, kafin a kai shi kasuwa.