Yadda Garuruwan Amurka Ke Sa wa Manyan Kantuna Linzami

A Amurka akwai wani irin kanti da mutanen ƙasar ke kira babban akwati, domin gini ne shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu, ba bene ba ado, kewaye da makeken filin ajiye motoci. Kamfanin Walmart, wanda Sam Walton ya buɗe kantinsa na farko a jihar Arkansas a 1962, shi ya fi shahara da irinsa. Faɗin babban kantinsa guda yakan kai murabba'in ƙafa 180,000, wato ya zarce filin ƙwallon ƙafa biyu.

Idan irin wannan kanti ya sauka a bayan ƙaramin gari, kaya kan yi araha, kuma talaka yakan ji daɗin haka. Amma ciniki yakan ƙaura daga tsakiyar gari. Kenneth Stone, masanin tattalin arziki a Jami'ar Jihar Iowa, ya fara bin diddigin lamarin tun 1988, ya kuma nuna cewa masu sayar da kaya irin na babban kantin da ƙananan garuruwan da ke kewaye su ne suka fi jin jiki. Ga kuma nauyin faɗaɗa hanyoyi da magudanan ruwa, wanda sau da yawa kan faɗa wuyan masu biyan haraji.

To, majalisar gari ba ta da ikon ta ce wa kamfani kaza, da sunansa, kada ya zo. Abin da ke hannunta shi ne dokar raba gari shiyya-shiyya: nan gidaje, nan kasuwanci, can masana'antu, tare da ƙayyade girman ginin da za a yi a kowace shiyya. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan iko a 1926, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio da kamfanin filaye na Ambler, muddin dokar tana da nasaba da lafiyar jama'a da tsaronsu da jin daɗinsu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙin sauya wa fili shiyya. Haka mutanen Greenfield ta jihar Massachusetts suka yi a 1993, inda suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi a mayar da wani filin masana'antu na kasuwanci. Sai dai wannan maganin rana ɗaya ne, domin gobe kamfani na iya samun fili a shiyyar da ta dace.

Saboda haka garuruwa da yawa suka koma ga ƙayyade faɗin kanti. A 2006 mutanen Damariscotta ta jihar Maine suka tsayar da nasu a murabba'in ƙafa 35,000. Birnin Turlock na Kalifoniya kuwa ya bi ta wata siririyar hanya a 2004: ya hana duk kantin da ya wuce murabba'in ƙafa 100,000 idan ya ware fiye da kashi 5 cikin ɗari na faɗinsa don kayan da ba a biya musu harajin ciniki, wato galibi kayan abinci. Dalilinsa shi ne kantin abinci ke jawo mutane zuwa 'yar kasuwar unguwa. In ya mutu, sauran shagunan sai su bi shi. Walmart ya kai ƙara, amma a 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta bai wa birnin gaskiya, ta ce doka ba ta ɓaci don kawai ta taɓa gasar 'yan kasuwa, in dai manufarta tsara gari ce.

Ita ma lamba tana da ƙofar da ake sulalewa. A Dunkirk ta jihar Maryland, inda iyaka take 75,000, kamfanin ya kawo tsarin gina kantuna biyu kafaɗa da kafaɗa a 2005, babban cikinsu 74,998, ragin ƙafa biyu kacal! Surutun jama'a ya sa aka janye tsarin. Shi ya sa dokokin da aka rubuta da lura kan ƙidaya gine-ginen da ke maƙwabtaka a hannun mai ciniki ɗaya a matsayin kanti guda.

Wata dabarar ita ce tilasta binciken tasiri kafin a ba da izini. Dokar jihar Vermont ta 1970 mai lamba 250 tana auna amfanin babban gini da asarar da zai jawo wa jama'a. Da ita aka hana kantin Walmart a St. Albans, Kotun Ƙolin jihar kuma ta tabbatar da hanin a 1997.

Babban raunin waɗannan dokoki shi ne iyakar gari. Idan wannan gari ya ƙi, maƙwabcinsa na iya karɓa hannu bibbiyu, ya kwashi haraji, ciniki kuma ya bar garin farko duk da haka. Dokokin kansu ma sukan sauya da sauyin masu mulki: jihar Maine ta wajabta binciken tasiri ga kantin da ya wuce 75,000 a 2007, amma a 2011 aka mayar da shi zaɓin kowane gari. A St. Albans kuwa, bayan kusan shekara 20 ana jayayya, Walmart ya buɗe ƙofa a 2013.