Makaɗin da ke ƙirga bakwai

Yawancin kiɗan zamani a kan ƙirga huɗu yake tafiya, shi ya sa ƙafa ke kama shi tun kafin kunne ya gama saurare. Salon da Turawa ke kira math rock, wato kiɗan lissafi, da gangan ya guje wa wannan sauƙin. Nan ana ƙirga bakwai, ko sha ɗaya, ko sha uku, kuma sau da yawa babu mawaƙi ko ɗaya. Nauyin da murya ta saba ɗauka sai ya faɗo a wuyan mai ganguna.

A yawancin ƙungiyoyin kiɗa can baya ake zaunar da makaɗi, aikinsa riƙe lokaci. Damon Che na ƙungiyar Don Caballero, wadda aka kafa a Pittsburgh ta Amurka a 1991, gaba ya dawo da gangunansa, masu jita suka koma suna bin sawunsa. Har laƙabi aka yi masa da dabbar nan ta teku mai hannaye takwas, kuma duk wanda ya saurari kundinsu What Burns Never Returns na 1998 zai gane dalili. Bahaushen da ya taso yana jin kalangu na kiran sunan mutum ba zai yi mamakin ganga ta yi magana ba. Abin da zai ba shi mamaki shi ne rashin wurin taka rawa.

Ga yadda aikin yake. Bakwai ba a ƙirga ta a dunƙule. Rarraba ta ake yi: biyu, biyu, uku. Makaɗi zai sa hannun dama ya riƙe huɗu a kan faifan ƙarfe, ƙafa kuma tana maimaita bakwai a kan babbar ganga, ba za su sake haɗuwa a bugun farko ba sai bayan bugu 28. A tsakanin nan kowace gaɓa tana kan hanyarta. Mai koyo da na'urar ƙirga lokaci yake farawa, a hankali kamar mai koyon tafiya, yana ƙirga da baki, wata da watanni, har ƙirgar ta bar baki ta shiga jiki. Idan har kana ganin leɓensa na motsi a dandamali, da sauransa.

Hannun kowa daban. Zach Hill na ƙungiyar Hella, 'yan Sacramento, gudu ne kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, da ƙafa ɗaya yake fitar da abin da wasu sai da biyu. John Stanier na ƙungiyar Battles kuwa ya rataye faifansa can sama, sai ya miƙe hannu kafin ya kai gare shi, don haka ba ya bugunsa a banza. Ni dai na fi son Kashikura Takashi na ƙungiyar Toe ta Tokyo. Masu jita na maimaita 'yan sautuka masu taushi, shi kuma yana ratsa su da ƙananan bugu, yana rage ƙarfi yana ƙarawa, kamar mai ba da labari da daddare.

Sana'ar dai ba ta arziki ba ce. Ƙananan ɗakunan wasa ne, da doguwar tafiya a mota, kuma bayan an tashi makaɗi ne na ƙarshe wajen kwance kaya, don nasa sun fi na kowa yawa da nauyi.