"Beat out": yadda Ingilishi ke faɗin tsere wa abokan takara

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan ɗalibin Gure, a jihar Damagaram, ba shi da sauran hujjar yi wa Ingilishi riƙon sakainar kashi. Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe kuwa shi ne fi'ilan da ake liƙa wa 'yar ƙaramar kalma, ma'anarsu ta sauya, domin Faransancin da suka saba da shi bai cika amfani da irin wannan gini ba.

"Beat" shi kaɗai duka ne, ko kayar da abokin karawa. "Beat up" shi ne lakaɗa wa mutum dukan kawo wuƙa. Amma "beat out", wanda Amurkawa suka fi faɗi, yana nufin mutum ya tsere wa abokan takara, ya samu abin da kowa ke nema. Dubi kokowar takobi da aka fara a Tawa a 1975: 'yan kokowa na jihohi 8 ne ke shiga fili, takobi kuwa ɗaya tak. Wanda ya kai abokinsa ƙasa a karo guda, "beat" ya yi. Wanda ya wuce kowa ya ɗaga takobi, shi ne ya yi "beat out". Haka Katar ta yi wa Amurka, Japan, Koriya ta Kudu da Ostireliya a 2010, ta samu karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2022.

Wajen gina jimla, wakilin suna a tsakiya yake zama: "she beat them out", ba "she beat out them" ba. Abin da aka ci kuma yana bin "for": "for the job".

Fi'ilin yana da wasu ma'anoni da mutumin Gure ya sani a aikace. Makiyayin da ke bugun wutar daji da ɗanyen reshe har ta mutu, maƙerin da ke daddale ƙarfe a kan uwar maƙera, makaɗin da ke fitar da take a ganga, duk "beat out" suke yi. Abin da ya biyo bayan fi'ilin ne ke bambancewa: mutum, wuta, ƙarfe ko kiɗa.

Malamai, ku daina ba yara jerin kalmomi su haddace. Ku koyar da kowane fi'ili cikin cikakkiyar jimla, da misalin abin da yaro ke gani a garinsu.