Ciwon da annoba ke bari a zuci: Yadda fargaba ke rikiɗewa zuwa cutar damuwa

A watan Maris na 2025, lokacin da Gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 sakamakon cutar da ake zargin sanƙarau ce, akasari a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero, an rufe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, ɗalibai suka watse zuwa gidajensu. Ga magidantan yankin, wannan ya fama wani tsohon miki, domin shekara biyar kafin nan annobar Korona ta jefa su cikin irin wannan zaman zullumi.

Duk lokacin da annoba ta ɓulla, hukumomi kan ƙirga waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Akwai kuma rukuni na uku da ba ya shiga lissafi: mutanen da cutar ba ta taɓa jikinsu ba, amma ta raba su da barci da kwanciyar hankali, wasu har bayan an manta da annobar.

Girman matsalar

A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cututtukan fargaba da damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a faɗin duniya a shekarar farko ta Korona. Kafin nan, wani bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a watan Oktoba na 2021 ya ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an samu ƙarin mutum miliyan 53 masu cutar damuwa mai tsanani, da ƙarin miliyan 76 masu cutar fargaba. Binciken ya nuna mata da matasa abin ya fi shafa, kuma ya fi muni a wuraren da cutar ta fi yaɗuwa da inda zirga-zirgar jama'a ta fi raguwa.

Wannan batu na zirga-zirga shi ne ya fi shafar garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan hanya. Jega tsohuwar cibiyar fatauci ce tun ƙarni na 19. Aliero ta yi suna wajen noman albasa da ake lodinta zuwa kudancin ƙasar nan, Maiyama kuwa gari ne na manoma a kan babbar hanyar da ta tashi daga Jega zuwa Koko da Yawuri.

Ƙofofi uku da tsoro ya shigo

Ta farko ita ce aljihu. Korona ta shigo Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a daidai lokacin da iyakokin ƙasa, har da ta Kamba, ke rufe tun watan Agustan 2019. Daga baya aka hana tafiya tsakanin jihohi, ba a ɗage dokar ba sai ranar 1 ga Yuli. Ko da yake an ware kayan abinci daga dokar, shingayen hanya sun riƙa jinkirta motoci, albasa kuwa ba ta jiran kowa. Ɗan kasuwar da ya ci bashi ya yi lodi, kowane dare na jinkiri asara ce a gare shi, kuma a bayansa akwai dillali da ɗan dako da ɗan kabu-kabu da mai sayar da abinci a tasha. Kafin a farfaɗo, ambaliyar daminar shekarar ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar.

Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba. Albashinsa yana shigowa, amma farashi ya tashi, 'yan uwan da sana'arsu ta tsaya kuma duk shi suke kallo.

Ƙofa ta biyu ita ce yankewar cuɗanya. Bahaushe yana sauke nauyin zuciyarsa ne a majalisa, da wurin ɗaurin aure, da zaman makoki, da ƙofar masallaci. A 2020 an rufe makarantu tun ƙarshen Maris, azumi ya kama a ƙarshen Afrilu cikin takura, maniyyatan da suka yi shekaru suna tara kuɗi kuma ba su samu zuwa Hajji ba. Wuraren da aka saba samun sauƙi su ne aka ce a yi nesa da su.

Ta uku ita ce jita-jita. Labarin yawan mace-macen da aka yi a Kano a watan Afrilun 2020 ya karaɗe wayoyi ta WhatsApp da Facebook, gaskiya da ƙarya a cakuɗe. Wasu suka ce babu cutar kwata-kwata, wasu suka ɗauki kowane tari a matsayin ajali. Tsoron a killace mutum, da tsoron a riƙa nuna gidansa da yatsa, ya sa masu zazzaɓi da hawan jini da ciwon suga da dama suka ƙaurace wa asibiti.

Ina iyakar tsoro na lafiya?

Tsoro a kan kansa ba cuta ba ne. Idan mutum ya hango haɗari, jikinsa kan saki sinadarai irin su adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, hankali ya tattaru wuri ɗaya. Wannan ne ke sa a wanke hannu, a garzaya da mara lafiya asibiti. An halicci wannan tsari ne don haɗari na ɗan lokaci. Annoba kuwa ba ta da ranar ƙarewa da aka sani, don haka jiki kan kwashe watanni a cikin shirin ko-ta-kwana, har ya gaji.

Likitoci na kiran abin cutar fargaba idan zullumin ya fi ƙarfin mai shi, ya hana shi barci da aiki, yana zuwa da faɗuwar gaba da gumi da ƙuncin numfashi. Cutar damuwa kuwa ana gane ta ne idan aka shafe aƙalla mako biyu mutum na cikin baƙin ciki kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abin da a da yake so. Sauran alamomin sun haɗa da farkawa tsakar dare, rashin cin abinci ko yawan ci, kasala, mantuwa, ganin kai ba shi da amfani, da tunanin gara mutuwa.

Da wuya magidanci ya je asibiti ya ce yana baƙin ciki. Abin da yakan faɗa shi ne kansa na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko zuciyarsa na bugawa. Sai a yi ta sayen maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot ba tare da sauƙi ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi ya sa iyali da maƙwabcin rumfa da abokin ofis kan riga likita ganewa: mai fara'a ya koma shiru, mai haƙuri ya zama mafaɗaci, mai sammako ya daina buɗe shago. Wani kuma ya fara neman sauƙi a ƙwayoyi irin su tiramadol, ya ƙara wa kansa ciwo a kan ciwo.

Akwai magani

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kira wannan hali ragwanci ko ƙarancin tawakkali. Cutar damuwa na kama malami da jahili, attajiri da talaka, kuma addu'a ba ta hana neman magani, kamar yadda wanda ya karye kan yi addu'a sannan ya nufi masu ɗorin Aliero. Mai ƙaramin ciwo kan samu sauƙi ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna, da motsa jiki, da daidaita barci, da rage bibiyar labaran waya. Mai tsanani kuma akwai magunguna, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a farawa ko dainawa sai da izinin likita. Duk wanda ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Ƙalubalen shi ne ƙarancin ma'aikata. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da yankin shi ne na Kware a Jihar Sakkwato, tafiyar da ba kowa ke da kuɗinta ba. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin masu wannan lalura. Abin da ya rage shi ne aikin ya sauko ƙananan asibitoci. Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Jega na yaye ma'aikatan da ke riƙe da irin waɗannan asibitoci, kuma su ne suka fi dacewa a horar kan gane alamomin tun da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan Korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma sanƙarau na zuwa da zafi, kwalara na zuwa da damina. Shirin tunkarar annoba ta gaba zai cika ne idan ma'aikacin da ke auna zafin jikin mara lafiya ya ƙara masa da tambaya ɗaya: yaya barcinka a 'yan kwanakin nan?